Sharhi kan PicoRV32 ga mai son ƙara umarninsa a furosesa

Ga ɗaliban injiniyan lantarki na Jami'ar Abubakar Tafawa Balewa (ATBU) da ke neman aikin kammala karatu, PicoRV32 na Claire Wolf ya cancanci a duba shi. Furosesa ne na RISC-V (buɗaɗɗen tsarin umarnin furosesa) da aka rubuta da Verilog, yaren zayyana da'irar lantarki, lasisinsa ISC, kowa na iya gyarawa. Na gwada shi a kan allon FPGA (guntun da ake tsara da'irarsa yadda ake so) na Tang Nano 9K mai LUT (ƙananan tubalan da'ira) 8640 da agogo 27 MHz, ya zauna har da rarar wuri.

Abin da ya fi burge ni shi ne PCPI, ƙofar da aka bari don umarnin da ba ya cikin tsarin asali. Sai ka kunna ENABLE_PCPI. Duk umarnin da furosesan bai gane ba, zai ɗaga pcpi_valid, ya miƙo maka umarnin tare da abin da ke rajista biyu, rs1 da rs2. Kai kuma ka mayar da amsa ta pcpi_rd, ka ɗaga pcpi_wr da pcpi_ready a tare. A nan ake yawan tuntuɓe: in lissafinka mai jan lokaci ne, ɗaga pcpi_wait da wuri, domin bugun agogo 16 kawai yake jira, daga nan ya ɗauki umarnin a matsayin haramtacce. Kada kuma ka taɓa gurbin lambar umarni na custom-0, umarnonin katsewa (interrupt) irin su retirq da maskirq can suke zaune. Ɗauki custom-1, wato 0x2B, ka kira shi da .insn, mai ba ka damar rubuta lambar umarni kai tsaye, ba tare da ka gyara GCC, manhajar da ke fassara C, ba.

Wane umarni za ka ƙara? Tunda sola ta cika gidajen Bauchi, hankali kan tafi ga CRC (lissafin gano kuskure a saƙo) na Modbus, ƙa'idar sadarwar na'urori, don karanta inbata. A manhaja, kowane bayit yana cin bugu sama da 100, amma a gudun bit 9600 a daƙiƙa tazarar bayit da bayit ta haura bugu 28,000. Darasi ne mai kyau ga mai koyo, sai dai ba zai ƙara wa na'urar sauri ba. Auna da rdcycle, umarnin karanta adadin bugun agogo, tukuna ka ga inda lokaci ke tafiya. Sau da yawa ninkawa ce: MUL bugu 40 take ci, ENABLE_FAST_MUL ya mayar da ita 6. In kuma umarnin ƙirga bit irin su clz ko cpop kake buƙata, bi lambobin Zbb, ƙarin umarnonin RISC-V na sarrafa bit, da aka amince da su a 2021, GCC ya riga ya san su.

Yana da rauni. Kusan bugu 4 yake kashewa a kan kowane umarni, PCPI ba ta karɓar umarnin tsallake, tsarin katsewarsa kuma nasa ne shi kaɗai, bai bi ƙa'idar RISC-V ba, don haka FreeRTOS, tsarin aiki na ƙananan na'urori, ba zai hau ba sai an yi masa gyara. Mai neman sauri ya duba VexRiscv, wani furosesan RISC-V. Mai son ya fahimci yadda umarni ke bi daga Verilog har cikin C, da PicoRV32 nake ba shi shawarar ya fara.