Gajeriyar Shaida Ko Cikakken Labarin Aiki?

Gajeriyar shaidar abokin ciniki, jimla biyu ko uku, ba ta da wahalar samu. Nemi ta a makon da ka miƙa aiki, tun yabon bai huce ba. Matsalarta, "aikinsu ya yi kyau" ba ya gamsar da kowa. Tambayi abokin cinikin abin da ya dame shi kafin ya zo, amsarsa ita ce shaidar.

Cikakken labarin aiki ya fi cin lokaci: matsala, abin da aka yi, sakamako da alƙaluma, sai rubutaccen izinin abokin cinikin kafin a wallafa, inda yawanci ake maƙalewa. Amma mai shirin kashe kuɗi masu kauri, wannan yake nema.