Amyar katako mai sanduna: abin da na gani bayan damina biyu da ita a bakin Dajin Falgore

Kiwon zuma gadona ne, kuma da amyar ciyawa mahaifina ya yi nasa har Allah ya yi masa rasuwa. A saƙa ta, a shafe ta da kashin shanu, a turara ta, a hau ɗorawa ko kaɗanya a ɗaure, sannan a koma gida a zuba wa sarautar Allah ido. Ba a sake sanin halin da ake ciki sai daren ɗiba, lokacin da ake hawa da bakin wuta a kori ƙudan, a kwashe saƙar gaba ɗaya, da mai zuma da mai 'ya'ya. Shekara biyu ke nan da na sayi amyar katako guda shida, irin wadda ake kira amyar Kenya, a wani shagon kayan kiwon zuma a Zariya, tare da gwangwanin hayaƙi da rigar kariya mai raga a fuska, na kafa su a gefen gonata a yankin Tudun Wada. Abin da zan faɗa a nan shi ne abin da idona ya gani a cikinsu.

Ita wannan amya doguwar akwati ce mai faɗi a sama da tsukewa a ƙasa, kamar kwamin ban-ruwan dabbobi. A bakinta ana jera sandunan katako kusan talatin manne da juna, a ɗora murfi a kai. An ƙirƙiro ta a farkon shekarun 1970 ta haɗin gwiwar masana daga Jami'ar Guelph ta ƙasar Kanada da takwarorinsu na Kenya. Hikimarta ita ce ƙudan zuma na gina saƙa ɗaya a jikin kowace sanda, kuma saboda gangarar bangon ba su cika manna saƙar a gefe ba, don haka mutum na iya ɗaga sanda ɗaya ya duba, ya mayar da ita ba tare da ya fasa komai ba.

A nan ne darajar kuɗinta take, ba a yawan zuma ba kamar yadda masu sayarwa ke faɗa. A da, idan muka hau bishiya muka tarar amya babu kowa, sai mu ce zuma ta tashi, mu ɗora laifin a kan iska ko sammu ko rashin sa'a. Da na fara buɗe waɗannan akwatuna duk bayan mako biyu zuwa uku, sai na gane cewa yawancin tashin nan yana da dalilin da ake iya gani da ido tun kafin ya faru. Wata safiya a ƙarshen damina ta farko na lura cewa zirga-zirga ta ragu a ƙofar amya ta huɗu. Na busa hayaƙi, na ɗaga sandunan baya, sai ga saƙa uku sun cika da wani zare fari kamar yanar gizo, da ƙananan baƙaƙen kashi, da tsutsotsi masu kauri suna ratsa kakin suna barin rami a bayansu. Asun kaki ne, ɗan malam-buɗe-littafin dare mai shiga ya yi ƙwai a saƙar da ƙudan suka yi ƙarancin da ba za su iya tsarewa ba. Na yanke saƙar ukun na ƙone su nesa da wurin, na kankare lungunan akwatin da wuƙa, na sa katangar katako na rage faɗin ɗakin daidai da yawan ƙudan. Wannan amya tana nan da ranta har yau. Da a cikin amyar ciyawa ne a kan reshe, da sai dai in tarar da kango.

Haka na riƙa cin karo da wani ƙaramin ƙwaro baƙi mai sauri, wanda bai kai ƙwayar wake ba, yana gudu yana ɓuya a ƙasan akwati da zarar haske ya shiga. Asalinsa ɗan nahiyarmu ne, kuma ƙudan zumanmu sun san yadda suke tsare shi a lungu su like shi da danƙo, amma da ya isa Amurka a shekarun 1990 ya yi wa masu kiwo a can ɓarna mai yawa. A wurinmu sai amya ta yi rauni yake samun dama, tsutsarsa ta ci saƙa har zumar ta yi tsami ta dalalo. Akwai kuma kaskar zuma da masana ke kira Varroa, jar halitta mai girman kan allura da ke maƙale wa ƙudan da 'ya'yansu tana tsotsarsu tana yaɗa musu cututtuka. An gano ta a Afirka ta Kudu a 1997, aka gano ta a Kenya a 2009, kuma bincike ya nuna ƙudan zuman Afirka na jure mata fiye da na Turai. Mai shagon ya so ya haɗa mini da maganinta, na ƙi, kuma ban yi nadama ba, domin ban ga hikimar zuba guba a cikin abincin da zan sayar wa mutane ba alhali ƙudan na riƙe da kansu.

To, amma kayan da aka sayar mini ba su rasa aibi ba, kuma aibin ba ƙarami ba ne. Faɗin sanda ga ƙudan zuman Afirka milimita 32 ne, saboda sun fi na Turai ƙanƙanta, kuma wannan awo shi ne ran amyar gaba ɗaya. A cikin shidan nan, biyu an yanka sandunansu ba daidai ba, wata ta wuce, wata ta gaza. Sakamakon haka ƙudan suka gina saƙa a karkace, ɗaya ta ratsa sanda uku, ta yadda ba na iya ɗaga ko ɗaya sai na yaga. Wato an mayar da ni gidan jiya, ga akwati na zamani amma ba a iya duba cikinsa. Sai da na kai wa kafintan garinmu ma'auni ya sake yanko mini wasu, na shafa siririn layin narkakken kaki a tsakiyar kowace sanda domin ƙudan su bi. Katakon ma ɗanye aka yi amfani da shi. Hunturu na farko da ya busa, gefuna suka kantare, tsaga ta buɗe wadda yatsa ke shiga, kuma ta irin wannan tsaga asu da kiyashi ke samun hanya. Murfin kuwa kwano ne tsurarsa. Ƙudan zuma na riƙe ɗumin ɗakin 'ya'yansu a wajen digiri 35, kuma a tsakiyar bazara kwanon nan yakan yi zafin da hannu ba ya iya taɓawa. Na taɓa tarar da saƙa mai nauyi ta saki sandarta ta faɗi ƙasa ta danne ƙudan. Tun daga ranar nake shimfiɗa zana a kan kowane murfi, kuma na janye amyoyin duka zuwa inuwar mangwaro. Da na koma shagon da ƙorafi an saurare ni cikin mutunci, amma ba a canza mini ko sanda ɗaya ba.

Saukar da amya daga bishiya yana da nasa farashin. A ƙasa tana kusa da kwarkwasa, da gara, da ƙadangare mai zama a bakin ƙofa yana cafke ƙudan ɗaya bayan ɗaya, da dage, da ɓarawon mutum. Ƙafafun ƙarfen da suka zo da ita suna da kyau, sai dai dole kowace ƙafa ta tsaya cikin gwangwani mai baƙin mai, a kuma riƙa nome ciyawar da ke kewaye don kada wani tsiro ya zama gada.

Abin da ya fi ɓata mini rai kuwa babu akwatin da zai iya tare shi. A watan da wake ke fure, na zo da hantsi na tarar da ƙasan amya biyu ya yi baƙi da gawarwakin ƙudan zuma, harsunansu a waje, waɗanda ba su mutu ba suna juyi a ƙasa suna karkarwa sun kasa tashi. Maƙwabcina ya yi wa wakensa feshi da safe, daidai lokacin da ƙudan suka cika furen. Ban ga laifinsa ba, domin duk manomin wake ya san idan bai yi feshi ba tsutsa ba za ta bar masa komai ba. Ƙudan zuma na yin nisan kilomita biyu zuwa uku wajen kiwo, saboda haka gonakin ƙauye guda ne makiyayarsu. Tarayyar Turai ta haramta amfani da wasu magunguna uku na ƙwari a fili tun 2018 saboda illarsu ga ƙudan zuma, ɗaya daga cikinsu imidacloprid, amma a kasuwanninmu ana sayar da ire-irensu ga duk mai kuɗi ba tare da wani bayani ba. Na je gidansa bayan la'asar da kwalbar zuma a hannu, na ce masa, "Baba, alfarma nake nema, idan za ka yi feshi ka bari sai yamma ta yi sanyi, kuma ka aiko yaro ya gaya mini tun ana gobe da dare." Ya amsa da cewa bai taɓa sanin abin na kashe su ba. Na ƙara masa da cewa riɗinsa da kankanarsa na ƙara yin 'ya'ya ne saboda waɗannan ƙudan da ke yawo a furensu. Amyar ta taimaka a nan ta hanya ɗaya kawai: na iya buɗewa na ga yawan asarar, na tabbatar sarauniya na raye tana ƙwai, na ba su ruwan sukari har suka farfaɗo.

Ƙunar daji da ƙishirwa su ma suna nan. Sai an yi shara mai faɗi kewaye da amyoyin kafin ciyawa ta bushe, a kuma ajiye kasko da ruwa da tsakuwa a ciki tun daga hunturu har faɗuwar ruwan farko, in ba haka ba za su bi rijiyoyin mutane ko su ƙaura. Ɗorawa da kaɗanya da masu gawayi ke sarewa kuwa su ne abincin ƙudan a lokacin rani, kuma kowace shekara ina ganin suna raguwa.

Zumar da nake samu ta fi ta da tsabta nesa ba kusa ba, babu toka, babu ƙaurin wuta, babu ruwan 'ya'ya a ciki, domin saƙar da aka rufe bakinta da kaki kaɗai nake yankewa, in bar musu ta 'ya'ya da wani kaso na abinci. Kakin da ke saura bayan tacewa ma kuɗi ne. Gwangwanin hayaƙin yana aiki sosai da busasshen kashin shanu ko totuwar masara. Rigar tana da zafi, kuma zif ɗinta ya lalace tun a shekarar farko.

Wanda ba zai samu lokacin buɗe amya a kai a kai ba, gara ya zauna da ta ciyawa, wadda ba ta cin kuɗi. Wanda kuwa ya yi niyyar saye, ya tafi shagon da ma'auni a aljihu ya auna sandunan ɗaya bayan ɗaya, ya ɗaga akwatin ya ji nauyin katakon ko ya bushe, ya leƙa cikinsa a rana ya ga ko haske na shiga ta wata tsaga. Ni bana zan ƙara huɗu, amma kafintan garinmu ne zai yi su, da katakon da na saya na jingine a zaure tun bara.