Ajin laka da kara na gangaren Gulbi: ya ci kuɗinsa

Iyayen da ke neman inda za su kai yara a wannan dogon hutu, ga abin da na gani a wurin wata tsohuwar malamar lakwal da ke tara yara Asabar da Lahadi a gonarta ta gangaren Gulbin Maraɗi. Jika biyu take karɓa a wata kan kowane yaro. Daga unguwarmu ta Zariya sai an hau adaidaita, don haka a lissafa da kuɗin zuwa da dawowa.

Ba a sayen komai a wurin nan. Babu fenti, babu takarda, babu almakashi. Da yara sun hallara da ƙarfe 8, Madam takan miƙa wa kowa ƙwarya ta ce ya zaga gona ya tsinto abin da idonsa ya so. Sai ka ga sun dawo da kaba, ƙwallon goriba, ƙwallon aduwa, gashin zabo, busasshen karan bara. Yumɓu kuwa ita ke sa a ɗebo mata tun kafin su zo, domin da damina Gulbi na kawo ruwa, kuma ba ta yarda ko yaro ɗaya ya doshi bakinsa. Wannan kaɗai ya kwantar mini da hankali.

Launi ma su suke haɗa abinsu. Jar ƙasa, farar ƙasa, dakakken gawayi, garin lalle, da karan dafi irin wanda dukawa ke rina fata da shi. A jiƙa ƙaro a zuba don launin ya kama, yadda ake yi wa tawadar allo. Ɗana ya shekara yana rubutu da tawada a makarantar allo, sai a gonar nan ya san abin da ke sa ta manne.

Amma abin da ya sa nake yabon matar nan shi ne ba ta yi wa yaro samfur. Na zauna gindin gawo ina kallo, wani yaro ya riƙo guntun icce ya ce, "Madam, mi zan yi da shi?" Ta karɓa ta jujjuya, ta mayar masa ta ce, "Kai mi ka gani cikinsa?" Ya yi shiru ya daɗe, har na fara jin tausayinsa, ita kuwa ba ta ƙara masa ko kalma ba. Can ya ce kada ne, ya je neman ƙaya ya yi masa haƙora. A lakwal an saba yaro ya kwafi abin da ke bisa allo, wanda ya fi iya kwafa shi ne gwani. Nan kuwa ba mai aiki irin na wani. Ɗiyata mai shekara 7 ta gina jar akuyar Maraɗi da laka, ta shafe ta da jar ƙasa, ta ce sai an yi mata ƴaƴa biyu don akuyarmu tagwaye take haifa. Wanta ya ɓata safiya guda yana haɗa tirelar kara da tayoyin sakaina, irin waɗanda yake gani suna bin hanyar Ɗan Isa zuwa Jibiya. Mu ma mun yi motar kara da shanun laka muna yara, ba wanda ya biya ko dala. Yanzu gari ya cika, filayen wasa sun zama gidaje, dole sai an nemi wuri.

Doka ɗaya gare ta mai tsanani: ba a karya ɗanyen reshe. Ranar 3 ga Agusta, ranar ƴancin kai da dashen itatuwa, kowane yaro ya dasa nasa a gefen gonar, ta kuma nuna musu yadda gawo ke zubar da ganye da damina lokacin da sauran itatuwa ke kore.

Akwai gyara. Yaran sun yi wa mace ɗaya da mai taimakonta yawa, ƙanana ƴan ƙasa da shekara 5 sai su koma gefe suna cin ƙasa. Ban ba da shawarar a kai irinsu ba. Ruwan sha randa ɗaya ce, kafin ƙarfe 11 ta ƙare. Ba makewayi. Lakar ba a gasa ta, ga damina ba ta bushewa da wuri, akuyar ɗiyata a cikin adaidaita ƙafarta ta karye, an sha kuka. In hadari ya taso kuma ana fasa zama ba tare da an sanar ba, alhali saƙo ɗaya ta WhatsApp ya isa. Na faɗa mata, ta ce, "In sha Allahu, Hajiya, za a gyara."

Wanda zai kai nasa ya sa musu tsofaffin kaya da takalmi rufaffe saboda ƙaya da kunama, ya haɗa su da gorar ruwa da ƙaramin kwali na ɗauko aiki. Ta ce in an koma lakwal a watan Oktoba za ta ci gaba ranar Lahadi kaɗai, lokacin an yi girbi sabon kara ya wadata. Na riga na sa an rubuta sunan nawa biyun.