Wace kyamara za ka saya in hoton masu wasan keke kake so?

Wani ƙanena ya dame ni tun bayan sallah, wai Yaya wace kyamara zan saya, saboda yaran layinsu can wajen Ƙofar Ƙaura sun ɗora katako kan tsofaffin tayoyi, kullum bayan la'asar suna tsalle da 'yan kekunan nan masu ƙaramar taya inci 20, wato BMX. Wasan a Amurka ya taso, jihar Kalifoniya, kuma tun 2008 tserensa ya shiga gasar Olamfik. Shi dai ya gwada da wayarsa, sai ya tarar yaro ya riga ya dira ƙasa kafin hoton ya ɗauku, ko kuma ya fito dishi-dishi.

To abin da na faɗa masa shi zan faɗa maka. Ka manta da yawan megafiksel da masu shago ke cika maka kunne da shi. Yaro a sama bai kai daƙiƙa ɗaya ba, don haka abu biyu za ka bi, hoto nawa take ɗauka a daƙiƙa in ka danne, da kuma yadda fokas ɗinta, wato abin da ke sa hoto ya fito tas, ke bin abu mai gudu.

Irin su Canon 600D da masu hoton biki ke yawo da su, ba laifi wajen amarya da ango, amma hoton da take ɗauka a daƙiƙa bai kai huɗu ba, za ka sha rasa daidai lokacin da keke ya kai ƙololuwa.

Ni wadda nake so ita ce Canon 7D ta hannu. Tsohuwa ce, 2009 ta fito, megafiksel 18 kacal, amma tana ɗaukar hoto 8 a daƙiƙa, tana da wuraren fokas 19, jikinta ƙarfe ne kuma an yi mata kariyar ƙura, wannan kuwa duk wanda ya san hunturun Katsina ya san ba ƙaramin abu ba ne. Batirinta LP-E6 zai kai ka har magariba ba ka nemi caja ba, ga shi ana samunsa a sauƙaƙe. Aibinta nauyi, wallahi wuyanka zai gaya maka, sannan memorinta CF ne mai faɗin nan ba SD ba, ka tabbata an haɗa maka da shi da abin karanta shi tun a shago.

Sony a6000 ta 2014 ta fi ta sauri, hoto 11 a daƙiƙa, megafiksel 24, ga ta 'yar ƙarama ka jefa a jaka ka hau mashin. Sai dai ba ta da madubi a ciki, da ka cire gilashi, wato lens na gaban kyamara, sensa da ke ɗaukar hoton na nan a buɗe tana kallon iska, ka canza gilashi sau biyu a fili lokacin buji za ka ga ɗigo-ɗigo baƙi a sararin saman kowane hoto. Batirin ma ba ya jimawa, sai ka riƙe biyu ko uku. Nikon D7100 kuma hotonta na da kyau sosai, 6 a daƙiƙa, amma in kana ɗaukar RAW, wato ɗanyen hoto mai nauyi da ba a matse ba, nan da nan take cika ta tsaya tana numfashi, gara ka ƙara kuɗi ka ɗauki D7200.

Inda mutane suka fi yin asara shi ne gilashi. Kowa dogo yake so irin na masu ɗaukar folo da hawan sallah, to doki ne ba a matsa masa. Keke matsowa ake yi. Gilashi mai faɗi kamar Canon 10-18mm, ka durƙusa gefen katakon, gwiwa a ƙasa, kyamara kusan a rairayi tana kallon sama, sai ka ga taya ta cika hoto, yaron ya cije leɓe, silifa ɗaya na shirin fita, ga katakon da inuwarsa a ƙasa da za su nuna tsayin da ya yi. In babu ƙasa a hoton ba wanda zai san ya yi sama. Amma ka tsaya gefe don Allah, kar ka shiga layin da zai dira, kuma ka yi magana da yaran da manyansu kafin ka fara ɗauka. In kuɗi bai kai ba, 18-55mm da ake haɗawa da kyamara zai yi maka aiki a 18 ɗin.

Saiti kuwa, saurin shota, wato ƙiftawar da kyamara ke yi ta ɗauki hoto, 1/1000 na daƙiƙa ko abin da ya fi haka sauri, fokas kuma a saitin bin abu mai motsi, AI Servo in Canon ce, AF-C a Sony da Nikon.

Ranar saye kar ka yarda da an ce maka sabuwa ce fil. A duba maka adadin hoton da ta taɓa ɗauka, ita 7D an ƙiyasta shotarta kan hoto 150,000, in ta kusa can ka bar ta. Ka ɗauki hoton farin bango ka duba ɗigo, ka haska cikin gilashin da tocilan waya ko akwai hazo, sannan ka fita bakin titi ka bi mai Napep ɗaya da fokas kana danne da maɓalli, ka buɗe hotunan ɗaya bayan ɗaya ka ƙirga nawa ne suka fito tas. Ƙanen nawa 7D ya ɗauka da 18-55mm, yanzu yana tara na 10-18mm ɗin.