Nauyin bututu: doguwar hanya ko yanke?

Ɗan uwa, ka tambaya wacce ta fi daidai wajen fitar da nauyin bututu, doguwar hanyar da ake koyarwa a aji ko yanken nan na 0.02466 da masu aikin ƙarfe ke bugawa a kalkuleta. In dai bututun ƙarfe ne, Ɗanjuma ne da Ɗanjummai. Bari mu gwada su a kan wanda ake kira mai inci 2: faɗinsa na waje milimita 60.3, kaurin jikinsa 3.91.

A doguwar hanya sai ka fara neman faɗin ciki. Kaurin sau biyu za ka cire, tunda jiki yana wannan gefe yana wancan, sai ya rage 52.48. Nan mutane da yawa ke zamewa, su cire sau ɗaya. Ka ninka 60.3 da kansa, 52.48 da kansa, ka ɗebe ƙarami daga babba, ka samu 882. Sau 0.7854, wato π raba huɗu, ya ba ka murabba'in milimita 693, zoben ƙarfen nan da kake gani a bakin bututu in an datse shi da zarto. Kubik mita ɗaya na ƙarfe kilo 7850 ne, don haka ka ninka da shi, ka raba da miliyan ɗaya: kilo 5.44 kowace mita.

Yanke kuwa layi ɗaya ne: (60.3 − 3.91) × 3.91 × 0.02466, shi ma 5.44.

Ba sihiri, 0.02466 ɗin π ne sau 7850 raba miliyan. To nan gizo ke saƙar, domin nauyin ƙarfe aka binne a cikin lambar. Alminiyom kilo 2700 ne a kubik mita, bututunsa mai wannan awo kilo 1.87 kacal, amma yanke zai ce maka 5.44, kusan ninki uku.

Ni dai yanke nake bi muddin ƙarfe ne, amma in bututun ruwa za a rataye, doguwar hanya nake komawa, don ita ke ba ni faɗin ciki. Wannan bututun yana ɗaukar ruwa kilo 2.16 a mita, ka ga mai mita 6 ya tashi daga kilo 32.6 zuwa 45.6, kuma wannan nauyin maƙalai za su riƙe.

Af, "inci 2" suna ne kawai. Kar ka sa 50.8, wato inci 2 a milimita, a lissafi, ka auna bututun da hannunka.