Daga Agege zuwa Kura: kafin ka ɗora yaron nan a motar tumatir

Yaya, assalamu alaikum. Ina gaishe ka da iyali baki ɗaya, a miƙa mini gaisuwa wurin Inna. Ya aikin rani, ya fama da dashe? Allah ya sa albarka.

Maganar da ka yi mini a waya, cewa babban yaronka ya kafe sai ya zo Legas kuma in nema masa babur, ban ba ka amsa a lokacin ba don ta fi ƙarfin katin waya. Shekarata 14 a garin nan, gara in zauna in shimfiɗa maka abin da idona ya gani, sai ku yanke shawara kai da mahaifiyarsa.

Babur dai a bar maganarsa. Tun ranar 1 ga Yunin 2022 gwamnatin Legas ta hana acaɓa ɗungurungum a ƙananan hukumomi shida: Ikeja, Surulere, Apapa, Eti-Osa, Lagos Island da Lagos Mainland. A watan Satumba aka ƙara Mushin, Oshodi-Isolo, Shomolu da Kosofe, wadda kasuwarmu ta Mile 12 ke cikinta. Ko a nan Agege da ba a hana gaba ɗaya ba, manyan tituna da gadoji haramtattu ne. Babur ɗin da aka kama ba tara ake biya a karɓo ba, injin ake sa wa a murƙushe shi. Kwanakin baya na wuce wani yaro ɗan wajen Jigawa a bakin kwalbati, bai fi sa'an ɗanka ba, makulli a hannunsa yana jujjuyawa. An ɗauke mashin ɗin da safe, na bashi ne, ko rabi bai biya ba. Abin da ya fi damunsa shi ne yadda zai gaya wa tsohonsa, wanda ya sayar da sa aka yi kafin alƙalami. Ba na so wata rana in kira ka da irin wannan labari.

Mutanenmu a nan kan ce ƙiyayya ce, don yawancin masu acaɓa 'yan Arewa ne. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki, mun sha jin "aboki" da muryar da ba ta abota ba. Amma ka tuna Kano ma ta hana acaɓa tun Janairun 2013. Abin da nake dubawa shi ne me aka ba talaka ya hau bayan an raba shi da babur.

A nan an ba shi wani abu. Motocin BRT sun fara aiki tun 2008, daga Mile 12 zuwa CMS, suna da layinsu daban a kan titi, danfo, wato ƙananan bas-bas na haya, ba ya shiga. Jirgin ƙasa na cikin gari da suke kira Blue Line ya fara ɗaukar fasinja a Satumbar 2023 daga Marina zuwa Mile 2, da lantarki yake tafiya. Na wajenmu shi ne Red Line, daga Agbado zuwa Oyingbo, kilomita 27, ya fara jigila a Oktobar 2024, kuma yana da tasha a nan Agege. Duk ranar da zan je Oyingbo karɓar bashi wurin matan da nake ba kaya, shi nake bi. Kati ɗaya ne, Cowry sunansa, ka zuba kuɗi a ciki, ka ɗora a kan na'ura ƙofa ta buɗe, da shi za ka hau bas, da shi za ka hau jirgi. Babu rigimar canji da kwandasta, babu agbero, wato ɗan tasha, mai dukan jikin mota. Ta taga kana hango goslon Oshodi a tsaye cak, kai kuwa kana wucewa. Ba kowane lokaci yake tashi ba, kuma kuɗinsa ba na kowa ba ne, amma yana nan, yana tafiya.

Abin da ya fi tsaya mini a rai game da Blue Line shi ne Fashola ya fara shi, Ambode ya zo ya tafi, sai a hannun Sanwo-Olu ya tashi. An yi jinkiri na fiye da shekara goma, an sha zagi, amma ba wanda ya zo ya ce aikin wancan ne, a bar ciyawa ta cinye shi. Mu a gida ka san yadda ake yi: in gwamna ya sauka, aikinsa ma ya sauka. Kano ta samu gadoji, ta Ƙofar Nasarawa, ta Dangi, ta Hotoro, kuma ina jin daɗinsu in na zo. Sai dai gada mai mota take yi wa amfani. Mutumin Kura da zai je Kwari sarin atamfa har yau sai ya yi ta sauka yana hawa a daidaita sahu.

Kada ka ɗauka Aljanna nake ba ka labari. Ɗakin da nake ciki, ciki ɗaya ne, banɗaki na haɗaka da gida takwas, kuɗinsa na shekara zai kama wa mutum gida sukutum da tsakar gida a Kura. Kafin ka karɓi makulli akwai la'adar ejan, akwai kuɗin takardar yarjejeniya. Dokar haya ta 2011 ta hana a karɓi fiye da na shekara ɗaya a hannun sabon ɗan haya, amma mai neman wurin kwana ba ya tsayawa karanta wa mai gida doka. Ruwa kuwa, gari ne da teku da tafki suka kewaye, ga tsohon gidan ruwa na Iju nan kusa da mu tun 1915, amma ni ban taɓa ganin famfon gwamnati ya kawo a layinmu ba. Burtsatse ne da 'yan garuwa, kuma 'yan garuwar yaranmu ne. Nan da Kano duk kanwar ja ce: ku ga Tamburawa, ga Challawa, ga jarka.

Abinci ne inda gida ya yi wa Legas fintinƙau. Kai da kwano kake awo, ko ka sa a sauko da buhu daga rumbu. Nan da derika ake auna shinkafa da wake, wani ɗan gwangwani da bai kai rabin kwano ba, mai hali ya sayi robar fenti. Nono mai kyau sai an yi sa'a. Manja, garin rogo, ayaba da kifi su ne masu sauƙi, sai burodin Agege wanda na yarda ya cancanci sunansa. Man fetur ma ya fi araha a nan. Da aka cire tallafi ranar 29 ga Mayun 2023, farashin farko da NNPC ta fitar naira 488 ne a Legas, 557 a Maiduguri, don man ta teku yake shigowa, kuma kowane taku da tanka za ta yi zuwa Arewa a kan mai saye yake. Matatar Ɗangote, ta ɗan Kano, a Lekki take saboda nan jirgin ruwa ke iya tsayawa. Shi ya sa ku da kuka fi kowa buƙatar mai don injin ban ruwa, ku ne kuka fi kowa sayensa da tsada.

Bari in ba ka labarin wuta, don a nan na koyi abin da ban zo da shi daga gida ba. An raba masu amfani da wuta aji-aji, a Afrilun 2024 kuma 'yan ajin farko da aka yi wa alkawarin awa 20 a rana aka ɗaga musu kuɗi daga naira sittin da wani abu zuwa 225 kowane yunit. Mu ba ma cikinsu. Taransifomarmu ta ƙone, muka yi makonni a duhu, sai ga takardar biya ta zo kamar ba abin da ya faru. Ni har na fara lissafin yadda zan biya in huta. Ranar Asabar sai aka buga mini ƙofa, wai taron unguwa, abin da suke kira CDA, na masu gida da 'yan haya. Wata tsohuwa Bayarabiya mai sayar da kayan koli ta zo da leda cike da rasit, na shekaru, a jere wata bayan wata, an ɗaure da roba. Ta zazzage su a kan benci ta ce ita ba ta taɓa cin kuɗin kowa ba, ba kuma wanda zai ci nata. Aka rubuta takarda, kowa ya sa hannu, ni ma na sa, aka wakilta mutum biyar. Sau huɗu suna zuwa ofishin kamfanin wuta, sau biyu wurin kansila. Ba a yi zagi ba, ba a ƙona taya ba. An kawo taransifoma, an kuma soke kuɗin kwanakin duhun.

Na yi ta tuna wannan tsohuwa lokacin da kuka shiga duhu a Oktobar 2024, bayan an lalata layin Shiroro zuwa Kaduna, Arewa ta yi sama da mako ba wuta. Ka ce mini injinan casar shinkafa a Kura sun tsaya, sai masu ƙarfin sayen gas. Na tambaye ka me aka yi a kai, ka ce an yi addu'a. Addu'a ita ce gaba da komai, Yaya, amma takarda mai sa hannun mutum ɗari ba ta hana addu'a karɓuwa.

Sana'ata kuwa kullum tana nuna mini inda asararmu take. Tumatir yana tashi daga Kwanar Gafan jajir, a kwando, a jera kwando kan kwando a tirela. Ya bi Zariya, Kaduna, ya gangara Mokwa, Jebba, Ilori, Ogbomosho, Ibadan, fiye da kilomita dubu. In hanya ta yi kyau kwana biyu, in mota ta lalace ko wata tanka ta faɗi ta tare titi, uku ko huɗu. A kowane shinge direba sai ya miƙa hannu. Da asuba in an kwance igiya a Mile 12, kafin ka ga kayan za ka ga ruwansa yana zuba ta ƙarƙashin mota, ja, yana bin kwata. Kwandunan ƙasa sun zama miya. Wannan ruwan gumin manomi ne, takinsa da mansa da maganin tsutsar sharon da ya saya. Manomi ya sayar da arha, matar Legas ta saya da tsada tana zagin "mala", hanya ta cinye tsakani. Da ambaliyar Mokwa ta karya gada a ƙarshen Mayun 2025, motoci sun yi layi da kaya suna ruɓewa a kai.

Ka tuna ƙarshen Fabrairun 2021, bayan rikicin Shasha a Ibadan, da ƙungiyoyin fatake suka tsayar da kawo abinci Kudu. Cikin kwanaki kaɗan tumatir ya gagari mai albashi a Legas, ku kuma a can kuna zubar da shi a bakin titi. Tun ranar na daina sauraron duk mai cewa wani ɓangare zai iya rayuwa ba ɗaya. Abin takaici, layin dogo ya isa Kano tun 1911, kuma shi ya kawo kakannin Hausawan Agege, da shanu suke saukowa su koma da goro. Yau tarago guda mai sanyi na ɗaukar kayan gwari ya gagare mu. Ana gina titin bakin teku daga Legas zuwa Kalaba, ana gina na Sakkwato zuwa Badagiri, ba na ƙin su. Amma titin Abuja zuwa Kaduna zuwa Kano an ba da kwangilarsa tun Disambar 2017. Da ni za a tambaya, a fara gama abin da ke hannu.

A Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta ce a riƙa ba ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye. Kano tana da 44, Legas 20 ce kawai a tsarin mulki, sai 37 da jihar ta ƙirƙira wa kanta. Wa ya san nawa ke shigowa ƙaramar hukumarmu a wata? Wa ya taɓa tambayar ciyaman? Mu dai in zaɓe ya zo a raba taliya da atamfa, sai kuma bayan shekara huɗu. Ni ma ina cikin masu wannan laifi. Katin zaɓena na gida ne, in zo in jefa ƙuri'a in hau mota in dawo, ban san ko an cika alkawari ba. Nan kuma inda nake biyan haya da tikitin kasuwa kullum, aka yi zaɓen kansiloli a Yulin 2025 ina zaune a rumfa. Na san a zaɓen gwamna na 2023 an tsorata baƙi a wasu rumfuna, amma garin nan ne Peter Obi ya kayar da Tinubu a cikinsa makonni uku kafin nan, wato ƙuri'a tana ƙirguwa. Na yanke shawarar dawo da katina Agege.

To ga abin da nake gani game da yaron. In ya yarda, ya zauna nan Kwanar Gafan ya zama idona. Zan aiko da kiret na roba guda hamsin mu gwada, don wanda ya zo a kiret ba ya matsewa kamar na kwando, kuma masu otal sun fi sa masa kuɗi. Ya koyi zaɓen kaya, ya koyi lodi, ya san direbobi, ina ba shi kasonsa a kowace mota. In kaka ta wuce yana nan a kan bakansa, ya biyo kaya ya zo ya yi wata biyu a wurina, ya kwana a ɗakin nan, ya sayi ruwan wanka da kuɗinsa, sannan ya faɗi ra'ayinsa.

Burtsatsen bakin masallaci da ka ce ya shekara a lalace, don Allah ka tara masu gidaje bayan sallar Juma'a, a sa malamin firamare ya rubuta takarda, kowa ya sa hannu ko ya dangwala, a kai wa kansila a karɓo shaidar an kai. Kuɗin mota da na takarda suna wuyana. Direban da zai taso jibi zai kawo muku jarkar manja da garin rogo, da maganin ƙafar Inna, a duba ledar da ke cikin buhun. A gaida kowa da kowa.

Naka ƙane, daga Agege.