Yaya, zancen fitsarin Baba

Salamu alaikum Yaya, ya gida ya su Inna, ya zafin Damagaram. Na saurari bokal ɗinka, wai Baba dare ɗaya sai ya tashi sau biyar sau shida kuma fitsarin ɗis ɗis, alwala ma ta zame mishi aiki. Don Allah ku daina sayo mishi maganin sanyi wajen masu lasifika, ni dai ina zargin furostat ne.

Tsohon da nake ma aiki nan Marsai a Faransa shi ma abin da ke damunshi kenan, ni ke raka shi wajen likita shi ya sa na ɗan gane. Furostat wani ɗan nama ne kamar goro ƙarƙashin mafitsara, hanyar fitsari ta cikinshi ta bi, to in namiji ya haura 50 sinadarin jikin maza na sa shi ya yi ta girma har ya matse hanyar. Ba kansa (ciwon daji) ba ce, ba kuma jifa ba, tsufa ne kawai, amma sai an duba ake rabewa.

Nan ganin likitan unguwa yuro 30 ne, kusan jikka 20 namu, ka miƙa Carte Vitale, katin lafiya, inshora ta maido maka mafi yawa. Sai dai randebu da likitan mafitsara kan, kana iya jiran makonni, ta wannan fannin gida ya fi su wlh in dai da kuɗi a hannu. Ana ɗibar jini a auna PSA, wani sinadari da furostat ke fitarwa, a yi ekografi, wato hoton ciki, likita ya sa safar hannu ya taɓa ta dubura, nasan nan ne Baba zai tubure, tsofaffin nan kuwa hirarshi suke a teburin kofi ko a jikinsu.

Tamsulosine aka ba mutumina, tana sassauta hanyar cikin 'yan kwanaki amma tana sa jiri in an miƙe da sauri. Finasteride ke rage girman, ita sai kusan wata 6. In duk sun kasa ana kankare shi ta hanyar fitsarin ba tare da an tsaga ciki ba. Kuma farmasi nan ba ordonansi, wato takardar likita, ba a ba ka irin waɗannan magungunan, ba kamar wajenmu da ake yawo da ƙwayoyi cikin rana ba.

Ku kai shi babban asibiti wannan satin, kai za ka shiga da shi kar a bar ma yara. Ya rage shayin dare, kar a ba shi maganin mura barkatai don wasu na riƙe fitsari. In ko ya tsaya cak ba jiran safiya, a tafi a sa mishi robar fitsari, jinkiri na taɓa ƙoda. Kuɗin awon zan turo ranar Juma'a in sha Allah.